GYARA GIDANKA TUN DAMINA BA TA SAUKA BA

Gabatarwa

Jama'a, kowace shekara idan hunturu ya wuce, zafi ya tsananta, gizagizai suka fara taruwa a gabas da la'asar, to, mun shiga bazara ke nan. Manomi ya san abin da wannan lokaci yake nufi. Sai ya kai fartanya da garma maƙera, ya yi sharar gona, ya kai taki, ya zauna yana sauraron ruwan shuka. Amma mutumin birni, wanda ba shi da gona, sau da yawa yakan manta cewa shi ma yana da nasa aikin bazara, watau gyaran gida da kewayensa kafin ruwa ya sauka.

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a tuna wa jama'a wannan aiki, a bayyana dalilinsa, a kuma nuna yadda ake yinsa. Mun ɗauki Lugbe, wadda ke cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, ta zama misali, saboda abin da yake faruwa a can yana faruwa a bayan garin Kano da Kaduna da Zariya da kowane gari mai saurin bunƙasa a ƙasar nan. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne: ruwan sama bai san iyakar fili ba. Ruwan da ya zuba a kan rufinka, ƙofar maƙwabcinka zai bi ya wuce. Saboda haka gyaran bazara yana farawa ne daga ɗakinka, amma ba ya cika sai an haɗa hannu da mutanen unguwa.

Lugbe Jiya da Yau

Ran 3 ga Fabrairu, 1976, Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiro Yankin Babban Birnin Tarayya, kuma ran 12 ga Disamba, 1991, aka dawo da mazaunin Gwamnati daga Legas zuwa Abuja. Kafin wannan lokaci, Lugbe da maƙwabtanta, irin su Pyakasa da Kuchingoro da Gosa, ƙauyuka ne na Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, mutane ne manoma doya da dawa. Gonaki da kurmi da ƙoramu ne suka kewaye su.

Yau Lugbe tana kan babban titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya tashi daga ƙofar birni ya nufi filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, kuma tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja. Hukumar Gidaje ta Tarayya, wadda aka kafa a 1973, ta gina babban rukunin gidaje a can. Bayanta kamfanoni masu zaman kansu suka gina nasu, sa'an nan unguwanni irin su Tudun Wada da Sabon Lugbe suka cika da ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'a daga kowane sashe na Nijeriya. Inda dā ake kunyar doya, yanzu kwano ne da bulo da siminti.

Wannan canji yana da sakamako. A watan Satumba na 1921 babu wanda zai damu da inda ruwan Lugbe ya nufa, domin ƙasa ce ke shanye shi. Amma shekara ɗari bayan haka, a watan Satumba na 2021, ambaliya ta afka wa rukunin gidaje na Trademore a Lugbe, har aka yi asarar rayuka. A watan Yuni na 2023 ruwa ya sāke shiga gidaje fiye da 100 a wannan wuri, har Hukumar Gudanar da Babban Birnin Tarayya ta bayyana shi a matsayin wurin da bala'i ya afka wa. Waɗanda abin ya shafa ba baƙi ba ne, mutane ne kamar ni da kai, masu iyali, waɗanda suka yi shekaru suna tara abin da ruwa ya lalata cikin sa'o'i kaɗan.

Yawan Ruwan da Rufi Yake Zubarwa

A Abuja damina takan fara ne wajen watan Afrilu, ta kai har Oktoba, watau tana riga ta Kano da Katsina da Sakkwato sauka, tana kuma daɗewa fiye da tasu. Ruwan da yankin yake samu a shekara ya haura milimita 1,000. Domin a gane ma'anar wannan, bari mu yi ɗan lissafi.

Idan aka yi ruwa na milimita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, lita 1 ke nan ta zuba. To, a ce rufin gidanka yana da tsawon mita 10 da faɗin mita 10, aka kuma tafka ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a tsakiyar damina. Rufin nan zai zubar da lita 5,000, watau cikin duro 25 masu cin lita 200 kowanne. Idan gidaje 200 ne a unguwarku, duro 5,000 ke nan a dare guda, ban da abin da ya zuba a kan tituna da filaye. A gona, ƙasa da ciyawa da saiwoyin itatuwa za su riƙe kaso mai yawa na wannan ruwa. A kan kwano da siminti kuwa, ko ɗigo ba ya nutsewa, duk sai ya nemi hanya. Idan an bar masa hanya, ya wuce lafiya. Idan an toshe, shi zai zaɓi tasa.

Saboda haka bari mu bi ruwan nan daga inda yake fara sauka har inda yake ƙarewa, mu ga gyaran da ake bukata a kowane mataki.

Na Ɗaya: Rufi

Ruwan farko yakan zo da iska mai ƙarfi, kuma a lokacin ne aka fi samun yayewar rufi. Iska ba danna kwano take yi ba, ɗaga shi take yi. Tana shiga ta ƙarƙashin baki ta tura sama, wadda ke wucewa ta bisa kuma tana fizgarsa. Shi ya sa ɓarna takan fara daga gefuna da kusurwoyi. Da zarar falle ɗaya ya ɗaga, sauran sun zama ganima.

Tun cikin watan Maris, a kira kafinta ya hau da sassafe, kafin kwano ya yi zafi, ya duba waɗannan abubuwa:

1. Ƙusoshin da suka saki ko suka yi tsatsa. A sāke su da ƙusar kwano mai hula, a kuma buga ta a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa ba, domin cikin kwarin ne ruwa ke gudu.
2. Katakon da gara ta ci. A ƙwanƙwasa shi, in ya yi amon fanko a cire shi. Sabon da za a sa, a shafa masa maganin gara tukuna.
3. Ɗaurin katako da bango. Lalle ne a ɗaure katakon rufi da langalanga ko rodi wanda ya kama jikin gini. Dora duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano ba ɗauri ba ne. Dutse yana iya faɗowa kan yaro, taya kuma tana tara ruwa sauro ya hayayyafa.
4. Tabon ruwa a jikin silin. Duk inda aka ga tabo, akwai yoyo a samansa. Idan silin ɗin irin na asbesto ne, kada a fasa shi ko a yanka shi a bushe, domin ƙurarsa tana cutar da huhu.

Masu ginin ƙasa da soro kuwa, wannan ne lokacin yaɓe da gyaran indararo, kamar yadda iyayenmu suka saba yi a Kano da Zariya da Katsina tun kafin zuwan kwano. Indararon da ya toshe yakan sa ruwa ya kwanta a kan soro, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta gaza.

Na Biyu: Bango da Tushensa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. To, ruwa ya fi ƙadangare iya shiga. A zagaya gida a duba kowace tsaga. Ƙarama, a ɗan buɗe ta, a wanke ƙurar, a cike da kwaɓin siminti awo ɗaya da yashi mai kyau awo huɗu, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana bakwai, domin simintin da ya bushe da gaggawa cikin zafin bazara ba ya ƙwari. Amma tsagar da ta tashi daga tushe ta yi sama a karkace, ko wadda take ƙara faɗi, ba ta shafe-shafe ba ce. Alama ce tushe yana motsi, sai a nemi ƙwararren magini ko injiniya.

A kula ƙwarai da katangar da ta kewaye gida. Da yawa ana gina ta ba tare da ginshiƙai ba, ba a kuma barin kafar da ruwa zai fita. Idan ruwa ya taru a bayanta, nauyinsa yakan ture ta gaba ɗaya, sau da yawa a kan ɗakin maƙwabci ko kan masu wucewa. A huda mata kafofi a ƙasa, a kuma tabbata ƙasar da ke gindin bango ta gangara waje, ba ciki ba.

Na Uku: Tsakar Gida da Bayan Gida

A kwashe duk abin da zai iya riƙe ruwa: gwangwani, fasasshiyar tukunya, tsohuwar taya, robar da aka yar. A cike ramuka da ƙasa. Sauro yana yin ƙwai ne a ruwan da ke kwance, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma ƙwan ya zama sauro mai cizo. Irin wanda ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ƙananan kududdufai da rana ke bugu, wani iri kuma yana son ruwan gwangwani da taya, wani na ƙazamar kwata. Duk wanda ya hana ruwa kwana bakwai a gidansa ya katse musu zuriya. Randa da duro da tanki kuwa, a rufe su ruf.

A sassabe ciyawa, a ɗaga tarin itace da tarkace daga jikin bango, domin nan ne maɓoyar maciji da kunama da ɓera. Ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. A adana hatsi da gari cikin mazubi mai murfi.

A rage rassan mangwaro da darbejiya da malaina da suka rankwafo kan rufi. Amma reshen da ya taɓa wayar lantarki, kada kowa ya hau shi, sai a sanar da ma'aikatan wutar lantarki. Kada kuma a sare itacen gaba ɗaya, domin shi ne ke karya ƙarfin iska, yana ba da inuwa, saiwoyinsa kuma suna riƙe ƙasa.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a Lugbe da sauran sababbin unguwanni, watau malale tsakar gida duka da siminti. Gaskiya ne yana hana taɓo, amma yana tura ruwan gida gaba ɗaya kan titi. Ya fi kyau a bar wani sashe na ƙasa, a shuka zogale da rama da kuɓewa da alayyafo. Ganyen da aka share da ɓawon doya da tokar murhu, a zuba su a rami a rufe, su zama taki. Ta haka uwargida ta sami kayan miya, ƙasa kuma ta sha nata rabo na ruwa.

Na Huɗu: Rijiya da Masai

Gidaje da yawa a bayan gari sun dogara ne da rijiya, ko rijiyar burtsatse, ko 'yan garuwa. Idan damina ta sauka, ruwa yakan ɗebi ƙazantar masai da ta juji ya kai cikin rijiyar da ba ta da kariya. Ta haka cutar amai da gudawa take yaɗuwa. A 2021 wannan cuta ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Babban Birnin Tarayya bai tsira ba.

Saboda haka a ɗaga bakin rijiya da bulo, a yi masa daɓen siminti mai gangara waje, a sa murfi, a rataye guga kada ta kwanta a ƙasa. Mai haƙa sabuwar rijiya ya nisanta ta da masai kamar mita 30, ta kuma kasance a tudu da shi. Masai ko sokawe da ya kusa cika, a kira masu motar kwasa tun yanzu. Wanda ya buɗe sokawensa cikin kwata da dare idan ana ruwa, yana tsammani ba wanda ya gan shi, to ya sani 'ya'yan maƙwabcinsa da nasa ne za su yi wasa a ruwan nan da safe.

Na Biyar: Magudanar Ruwa, Aikin Kowa

Daga nan ruwa ya fita ƙofar gida, ya shiga kwata, daga kwata zuwa kwalbati, daga kwalbati zuwa ƙorama. A nan ne ƙoƙarin mutum ɗaya yake ƙarewa. Kana iya yashe kwatar ƙofar gidanka tas, amma in ta gida na biyar a gangare ta cika da yashi da ledar ruwa da robobi, ruwan zai dawo maka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suka gāji aikin gayya. A ƙauye, in za a ɗora jinka, ko a yashe rijiyar gari, ko a gyara hanyar kasuwa, mai unguwa ne zai sa a yi shela, samari su fito da kayan aiki, mata su dama kunu, makaɗi ya zuga su, kafin azahar an gama. Gbagyi da sauran ƙabilun ƙasar nan su ma suna da irin wannan taimakekkeniya a gona da gini. Dattawa kuma suna tuna zamanin duba-gari, masu shiga gida gida suna leƙa randa da kwata. A 1985, ƙarƙashin shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, aka ƙaddamar da gangamin tsabtace muhalli, wanda ya sa Asabar ɗin ƙarshen wata ta zama ranar shara a garuruwa da yawa.

Matsalar wuri kamar Lugbe ita ce, yawancin mazauna ba a nan aka haife su ba. Mutum yakan fita tun da asuba domin ya riga cunkoson motoci zuwa cikin birni, ba ya dawowa sai bayan magariba. Yana iya shekara bai san sunan wanda suke haɗa katanga da shi ba. A irin wannan wuri gayya ba ta haɗa kanta, sai an shirya ta da gangan. Ga yadda za a yi:

1. Mutum uku ko huɗu na layi ɗaya su je wurin mai unguwa, ko shugabannin ƙungiyar mazauna rukunin gidaje, a tsai da ranar Asabar ɗaya kafin tsakiyar Afrilu.
2. A yi sanarwa a masallatai ran Juma'a, a majami'u ran Lahadi, a tashar 'yan acaɓa da ta Keke, da kuma ta wayar hannu, cikin harsunan da mutanen layin ke ji.
3. Kowane gida ya kawo mutum ɗaya da abin aiki: shebur, diga, manjagara, adda ko baro. Wanda ba shi da hali ya fito, ya ba da kuɗin ruwan sha ko na hayar mota. Tsofaffi da marasa lafiya da matan da mazansu suka rasu, a yi musu nasu.
4. A fara yasa daga gangare a yi sama, domin ruwan da ke kwance ya sami mafita. Masu shiga kwata su sa takalmin roba da safar hannu.
5. Abin da aka yaso kada a tara shi a bakin kwata, domin ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. A shirya motar da za ta kwashe shi ran nan zuwa jujin da hukuma ta keɓe. Kada a ƙona leda da roba, hayaƙinsu guba ne, gobara kuma ba ta da wuya a bazara.
6. Duk kuɗin da aka tara, a rubuta, a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da aka kashe. Rashin yin haka ne yake kashe gayya ta biyu.

Amfanin wannan rana bai tsaya ga kwata ba. Wanda kuka yi gumi tare, kuka sha ruwa a moɗa ɗaya, shi ne zai ƙwanƙwasa maka ƙofa da tsakar dare in ya ga ruwa yana tasowa.

Mai Gida da Ɗan Haya

Sau da yawa gyara yakan tsaya ne saboda jayayya. Ɗan haya ya ce gidan ba nasa ba ne, mai gida kuma yana zaune nesa, ba shi ruwa ke zuba wa ba. Abin da aka saba shi ne, rufi da bango da masai suna wuyan mai gida, shara da ciyawa da kwatar ƙofa kuma suna wuyan mai zama a ciki. Ya kamata a rubuta wannan cikin takardar yarjejeniya tun ranar biyan kuɗin haya. Ɗan haya ya sanar da mai gida duk wata ɓaraka a rubuce tun bazara, kuma in za a yi gyara a cire daga kuɗin haya, a yi shi da yardar juna a gaban shaidu.

Abin da Ya Rataya a Wuyan Hukuma

Ba duk aiki ne jama'a za su iya da shebur ba. Manyan magudanai da kwalbatoci da gadoji na hukuma ne, kuma haƙƙin jama'a ne su kai ƙara a rubuce ga Ƙaramar Hukuma ko Hukumar Kare Muhalli ta Abuja idan sun ga sun toshe ko sun karye. Kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, watau NiMet, takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, a saurare shi a rediyo.

Haka kuma a sani cewa a Yankin Babban Birnin Tarayya ƙasa tana hannun Gwamnatin Tarayya ne, kuma ba a gini sai da izinin sashen kula da tsarin gine-gine. Mai sayen fili ya je ya gan shi da idonsa a watan Agusta, ba a watan Janairu ba. Ƙoramar da ta ƙafe da rani ba ta mutu ba, barci take yi. Wanda ya cike ta ya yi gini, ya sa kansa cikin haɗari, ya kuma tura ruwan gidajen waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Idan Ruwa Ya Fi Ƙarfi

In duk da haka ruwa ya shigo gida, a kashe wutar lantarki daga babban makunni in ana iya kai wa gare shi ba tare da taka ruwa ba, a fitar da yara da tsofaffi zuwa tudu, a bar kaya. Takardu masu muhimmanci a ajiye su tun yanzu cikin leda a wuri mai bisa. Kada a ratsa ruwa mai gudu: wanda bai kai gwiwa ba yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai gwiwa kuwa yana iya tafiya da mota. Kada a shigar da janareta cikin ɗaki ko baranda rufaffiya saboda gudun ruwa, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, kuma kyauta ake kiranta.

Kammalawa

Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin ƙusa da buhun siminti ɗaya a watan Maris bai kai kuɗin sabon rufi a watan Mayu ba, balle a yi maganar rai, wanda ba shi da farashi. Mai gida ya duba rufinsa da bangonsa. Uwargida ta duba randa da tsakar gida. Samari su ɗauki shebur. Mai unguwa da limami da fasto su yi kira. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi kuma, ya karanta wa maƙwabcinsa, sa'an nan su tsai da rana.

Allah ya kai mu damina lafiya, ya sa ta zama mai albarka ga manomi da mutumin birni baki ɗaya.